Tambayoyinku: Wata Huɗu Ina Aiki a Kamfanin Manhaja, Babu Takarda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Nima a Accra. Na karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma bayan na gama hidimar ƙasa wani ƙaramin kamfanin manhaja ya ɗauke ni aiki. Yau wata huɗu ke nan ba a ba ni takardar yarjejeniya ba, kuma duk sanda na tambaya sai manaja ya ce ina cikin lokacin gwaji, mu nan duk 'yan uwan juna ne. Muna kaiwa dare a ofis ba tare da ƙarin ko sisi ba, sannan an sa taron mako ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya. Ina tsoron in yi magana a sallame ni. Mece ce shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoronka yana da dalili, domin samun irin wannan aiki a Accra ba abu ne mai sauƙi ba, kuma na san akwai waɗanda ke dogaro da albashinka a gida. Amma maganar 'yan uwantaka da manajan yake yi ba ta isa ta tsaya a madadin takarda ba, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fara.

Dokar Ƙwadago ta Ghana ta shekarar 2003, wadda ake kira doka ta 651, ta wajabta rubuta yarjejeniya ga duk aikin da zai kai wata shida ko fiye, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin bai wa ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata biyu da farawa. Ke nan kamfanin ya riga ya makara. Lokacin gwaji halal ne, sai dai dole a san tsawonsa tun farko. Gwajin da ba a faɗi ranar ƙarewarsa ba hanya ce ta riƙe mutum cikin fargaba, ko da manajan bai yi niyyar hakan ba. Dokar ta kuma ƙayyade awa 8 a rana ko 40 a mako, ta hana a sa ma'aikaci aikin ƙarin lokaci sai in kamfani ya tsayar da abin da zai biya a kansa, ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki.

Abin da matasa suka fi sakaci da shi kuwa shi ne kuɗin fansho. Ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na albashinka na asali, kamfani ya ƙara kashi 13, kuma kana da ikon zuwa ofishin SSNIT, wato hukumar fansho ta ma'aikatan Ghana, da katinka na ɗan ƙasa ka ga ko ana zuba maka. Ka yi wannan binciken kafin ka sake yi wa kowa magana, domin abin da ka tarar zai nuna maka ko rashin tsari ne kawai ke damun kamfanin, ko kuwa da gangan ake yi. Ƙananan kamfanonin fasaha da yawa injiniyoyi ne suka kafa su, mutanen da suka ƙware a rubuta manhaja amma ba su taɓa koyon jagorancin ma'aikata ba, kuma sau da yawa ba su da ko jami'i ɗaya mai kula da sha'anin ma'aikata. Irin waɗannan sukan gyara idan aka tunatar da su cikin ladabi.

Saboda haka ka aika wa manajan saƙon imel, ba WhatsApp ba, ka gode masa da damar da ya ba ka, ka nemi a rubuta maka muƙaminka da albashinka da ranar ƙarewar gwajin. Ka ajiye kwafin saƙon tare da shaidar kowane albashi da aka tura maka.

Game da Juma'a, kundin tsarin mulkin 1992 ya ba ka 'yancin yin addininka, dokar ƙwadago kuma ta hana nuna wariya saboda addini, amma ban so ka buɗe maganar da ambaton doka. Wataƙila wanda ya tsara taron bai ma san lokacin huɗuba ba. Ka je masa da mafita a hannu: a mayar da taron ƙarfe goma sha ɗaya na safe ko uku na yamma, kai kuma ka rama lokacin da ka ɗauka. Idan akwai wani Musulmi a ofishin, ku je tare.

In har ka bi waɗannan matakai aka yi biris da kai, ko aka kore ka saboda ka tambaya, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa tana karɓar ƙorafin ma'aikata, kuma saƙonnin da ka ajiye su ne hujjarka a gabanta. Kafin nan kada ka ajiye aikin cikin fushi. Ka ci gaba da neman wani a hankali, kuma a duk ganawar da za ka yi nan gaba ka tambayi tsawon gwaji da batun fansho kafin ka amsa.