Ga ƙanwata da ta ce ta gaji da tuba da komawa

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayar da kika rubuto mana a zauren nan. Na karanta ta har sau uku, na ajiye waya, barci ya ƙi zuwa. Kin ce shekara 4 ke nan da yi miki baftisma, kina cikin mawaƙa, ba kya fashin sujada, amma akwai zunubi guda da ya ƙi sakinki. Ki tuba da hawaye ran Lahadi, kafin Laraba kin koma. Kin ce duk lokacin da aka karanta Afisawa 4:1, inda Bulus yake roƙonmu mu yi zaman da ya cancanci kiran da aka yi mana, sai ki ji ke munafuka ce, har kina tunanin ki ajiye waƙa ki daina cin Jibin Ubangiji sai ranar da kika gyaru. Ba ki faɗi ko wane zunubi ne ba, kuma don Allah kada kowa a nan ya matsa miki sai kin faɗa.

Kalmar nan ta munafuka ce ta hana ni barci, domin ni ma na daɗe ina kiran kaina da ita.

Ni ce ma'ajin zumuntar mata a ikilisiyarmu a wancan lokacin. An amince da ni ƙwarai, ko lissafi ba a cika tambayata ba. Da ɗana ya kwanta ciwo, hannuna ba komai, sai na taɓa kuɗin da ke wurina da niyyar in mayar a ƙarshen wata. Ban faɗa wa kowa ba, har mijina. Ƙarshen wata ya zo ban mayar ba. Karo na biyu da na taɓa, babu mai ciwo a gidana, ƙanwata. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau. Daga nan sai gyaran lissafi a littafi don ya yi daidai. Wata 11 ina haka, ina kuma tsayawa gaban mata ina bi da su cikin addu'a. In na ɗaga hannu a sujada sai in ji kamar kowa na ganin abin da ke rubuce a tafin. Abin da Dawuda ya faɗa a Zabura 32, cewa da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace saboda nishi dukan yini, a jikina na gan shi. Na rame, mutane suna yaba mini wai yawan azumi ne.

Da abin ya ishe ni, na fara mayarwa kaɗan-kaɗan, na kuma je wurin wadda nake kira uwata cikin Ubangiji. Shekara 7 muna addu'a tare. Ita ta riƙe hannuna ranar da mahaifiyata ta rasu. Na durƙusa a ɗakinta na fayyace mata komai, na ce ta raka ni wurin fasto in faɗa da bakina, ta ba ni mako guda kawai in fara sanar da mijina. Ta rungume ni, ta share mini hawaye da gefen mayafinta, ta ce maganar nan ta mutu a cikinta har sai na shirya.

Kwana 4 tsakani muka yi taron zumunta. Ana cikin karɓar buƙatun addu'a ta miƙe, murya a sanyaye, ta ce a sa 'yar'uwarmu ma'aji a addu'a, domin Shaiɗan ya shiga tsakaninta da kuɗin Allah. Ta faɗi wata nawa. Ta faɗi zancen littafi. Ban san yadda zan kwatanta miki shirun da ɗakin ya yi ba. Littafin lissafin yana kan cinyata, mai shuɗin bango, na ɗaure shi da roba, ina ta jan robar ina saki don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Matar da ke zaune kusa da ni, wadda na yi jinyar 'yarta da hannuna, ta sa hannu a hankali ta ɗauke jakarta daga tsakaninmu ta mai da ita ɗaya gefen. Ba ta ce komai ba. An faɗa mini maganganu masu zafi bayan haka, da yawa na manta su, amma ɗauke jakar nan har gobe ina ganinsa. Mijina kuwa a bakin wani ya ji, kafin in isa gida. Ya tsaya a ƙofa yana dubana, ya ce, “Ni ne na ƙarshe da zan sani?”

Kuma ita ta sani. Ta san ina shirin zuwa da ƙafata. Ta san na fara biya. Kwana 3 kacal suka rage. Me zai rage ta da shi in ta jira? Na juya wannan tambaya a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Laifi nawa ne, ban taɓa musu ba, ni na taɓa abin da ba nawa ba. Amma ta ƙwace mini damar in tuba da bakina, ta mai da ni wadda aka kama. Zabura 55 ta zama tawa a kwanakin nan, inda mai zabura yake cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikalin Allah tare.

Dattawa suka sa ni a horo wata 6. Na karɓa, na biya kuɗin duka, aka mai da ni. To, a nan ne abin da nake so ki ji ya fara. Na ƙudura a raina sai na nuna wa kowa cewa ni mai tsarki ce. Ni ce farkon zuwa majami'a, ni ce shara, ni ce azumi, baikona ya fi na dā. Shekara 3 cur ina haka, kuma shekara 3 cur ban ce wa matar nan ko sannu ba. In ta shigo ta wannan ƙofa, in fita ta waccan. In aka ce ita za ta yi addu'a, ba na cewa amin. Ina cin Jibi a layi ɗaya da ita, a zuciyata kuwa ina jiran ranar da nata asirin zai tonu.

'Yata ce ta farkar da ni, tana 'yar shekara 9. Muna dawowa daga sujada ta ce, “Mama, me ya sa in Mama wance ta zauna a bencinmu kike tashi?” Na buɗe baki zan yi mata ƙarya, sai na ji ƙaryar ta tsaya a maƙogwaro. A makon nan karatuna ya kai 1 Sama'ila 15. Allah ya ba sarki Saul umarni a fili ya hallaka Amalekawa da dukan dabbobinsu, Saul ya yi wani sashi, ya bar Agag sarkinsu da rai da mafi kyau na tumaki da shanu, sa'an nan ya tari Sama'ila yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya tambaye shi, to kukan tumakin nan da nake ji fa? Saul ya ce ai don hadaya aka bar su. Aya 22 ta ba shi amsa, biyayya ta fi hadaya. Na rufe Littafi na yi kuka, domin sharata da azumina su ne hadayar, ƙiyayyar nan kuwa tana ta kuka a bayan gida, har yarinya ta ji. Ban taɓa lura ba sai lokacin cewa Ibraniyawa 12:14 ta haɗa zaman lafiya da kowa da tsarki a numfashi ɗaya, aya ta 15 kuma ta yi gargaɗi a kan saiwar ɗaci da ke tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa.

Na je gidanta. Kada ki ɗauka mun rungumi juna muna kuka. Na ce mata na riƙe ta a zuciya shekara 3, na zo neman gafara. Ta dube ni ta ce ita dama don amfanina ta yi, kuma ta yafe mini. Shi ke nan. Ba ta ce ta yi kuskure ba, har yau ba ta ce ba. Na fito ƙirjina na tafasa, na yi ta faɗa wa Ubangiji a hanya cewa wannan ba adalci ba ne. Abin da ya riƙe ni misalin nan ne na Matiyu 18, bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, kuɗi mai ɗimbin yawa, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ma'aikaci, don haka dinari 100 ba abin wasa ba ne, bashi ne na gaske, kuma abin da ta yi mini na gaske ne. Sai dai nawa bashin da aka yafe ba ya ƙirguwa.

Na yi nisa da tambayarki, ki yi haƙuri.

Kada ki janye. Ina roƙonki. Wanda ya ce sai ya warke zai je wurin likita, yaushe zai je? Ki koma ki karanta Afisawa daga farko, kada ki fara daga sura 4. Surori 3 na farko Bulus yana ta zayyana abin da Allah ya riga ya yi ne: ya zaɓe mu tun ba a kafa duniya ba, ya rayar da mu sa'ad da muke matattu cikin laifofinmu, ya cece mu ta wurin alheri, ba ta ayyukanmu ba. Sai bayan duk wannan ya ce, saboda haka ku yi zaman da ya cancanci kiranku. An riga an kira ki, ƙanwata. Kuma dubi abin da ya lissafta nan take a aya 2: tawali'u, sauƙin kai, haƙuri, jure wa juna cikin ƙauna. A aya 28 ta wannan sura ya ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin taimakon mabukaci. Ranar da na ga ayar nan na daɗe ina kallonta. Mutanen da ya kira tsarkaka a farkon wasiƙar, ashe har da irina a cikinsu.

Zancen Jibi kuwa, 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya binciki kansa, sa'an nan ya ci. A fahimtata, wanda ya kamata ya ji tsoron teburin nan shi ne wanda ya rungume zunubinsa ya ƙi saki, kamar ni a shekarun nan 3. Mai kuka a kan zunubinta daban take. Munafuki ba ya rasa barci a kan munafuncinsa. Amma ki zauna da fastonki a kan wannan, shi Allah ya ba kiwonki.

Ki duba ta wace ƙofa abin yake shigo miki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wane lokaci ne, wane wuri, da wa, bayan wane irin ɓacin rai ko gajiya? Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, barin rigarsa ya yi a hannunta ya gudu. Ni har yau ba na riƙe kuɗin jama'a ni kaɗai, ko an roƙe ni. In lambar waya ce, goge ta yau. In hanya ce, canza ta. Kada ki tsaya kina gwada ƙarfinki. Kuma in kin faɗi ran Laraba, ki tuba ran Laraba, a nan inda kike, kada ki ɗauki kayan har Lahadi. 1 Yohanna 1:9 ba ta sa ranar karɓar tuba ba.

Duk da abin da ya same ni, zan ce miki ki faɗa wa mutum ɗaya, domin Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, kuma ɓoyo shi ya ciyar da nawa wata 11. Amma ki zaɓa da idonki a buɗe. Duk wadda take kawo miki sirrin wasu da sunan “mu sa su a addu'a”, naki ma haka za ta kai shi. Da na lura da wannan tun da wuri! Sau nawa ta zauna a ɗakina tana ba ni labarin auren mutane, ina jin daɗi wai ta yarda da ni.

Ku kuma dattawa da shugabannin zumunta da ke cikinmu a nan, ku ji wannan. Horo yana da kyau, ni ya amfane ni. Amma wata 6 ɗin nan babu wanda ya taka ƙofar gidana sai tsohuwa guda, mai ciwon gwiwa, da takan zo ta zauna ta ce in karanta mata Zabura 51 don idonta ba ya gani sosai. Daga baya na gane don ni take sa a karanta. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗa cikin laifi, a yi hakan da tawali'u. Bulus da kansa a 2 Korintiyawa 2 ya ce wa ikilisiya hukuncin ya isa, su yafe wa mutumin su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mun iya sa mutum a horo, komo da shi ne ba mu koya ba.

Ki je waƙa ran Lahadi, ƙanwata. In muryar nan ta ce miki munafuka, ki tuna Bitrus ya yi musun Ubangiji sau 3, kuma shi ɗin ne Yesu ya ce wa ya yi kiwon tumakinsa. Na sa ki a addu'a tun jiya. Ni ma ki sa ni. Matar nan da ta tona mini asiri tana kwance ba lafiya yanzu, sunana yana cikin waɗanda za su je gaishe ta ran Asabar, kuma tun yau nake jin ƙafata ta yi nauyi.