Halatta Ƙwayoyi Daban, Sassauta wa Mai Sha Daban

Malam, ka tambaya ko ya dace a halatta tabar wiwi da sauran kayan maye, tunda kame da ɗauri ba su rage shaye-shaye ba. Halattawa, wato a bar su a kasuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin addininmu ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, kuma mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018.

Cire ɗauri daga kan mai sha kuwa magana ce da ta cancanci nazari. A 2001 ƙasar Fotugal ta daina gurfanar da wanda aka samu da abin da bai wuce na kwana goma ba, sai dai a tura shi gaban kwamitin da zai haɗa shi da masu magani, yayin da dillali yake fuskantar kotu kamar da. Abin da ya riƙe tsarin shi ne wuraren jinya da aka tanada. Jihar Oregon ta Amurka ta bi wannan hanya a 2020, ta janye a 2024.

A nan Sakkwato, yaron da aka kai gidan yari saboda ƙulli ɗaya na wiwi yakan fito ya san manyan dillalai, abin da ke ci mini rai matuƙa. Na fi son hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta matsa wa masu safarar tiramol lamba, shi kuma yaron a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, a kuma ƙara irin waɗannan cibiyoyi a ƙananan hukumomi.