Fentin firam ɗin babur a gida: amsa ga mai Boxer

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce firam ɗin Boxer ɗinka ya ci tsatsa, masu feshi sun yanka maka kuɗin da ba za ka iya ba, kana tambaya ko fentin gwangwani zai yi a gida. Zai yi, in sha Allah. Na daɗe ina yi wa nawa da na ƙannena a tsakar gida a Tudun Wada, Kaduna. Amma ka sani, feshin shi ne ƙaramin aiki. Ƙarfin aikin yana wajen gyara ƙarfen kafin fenti ya hau.

Kwance komai: inji, tanki, tayoyi, wayoyi. Kafin ka cire wayoyin, ɗauki hotonsu da wayarka, notuna kuma kowane sashe a ledarsa. Sai wanki. Kananzir na narkar da giris da baƙin mai, amma shi ma yana barin maiƙo, don haka ka bi shi da Omo da ruwan zafi, ka shanya a rana.

Idan ya bushe, tsuguna ka duba wuya, wato inda kan babur ke shiga firam, da wajen matakin ƙafa da inda shokozoba ke ɗaurewa. Babur ɗin da ya sha dakon buhuna a nan yake fara tsagewa, tsagar kuma siririya ce kamar gashi. Ka gan ta, ɗauki firam ɗin sai kasuwar Panteka wajen mai walda. Fenti rufe tsaga yake yi, wata rana kana kan titi ta buɗe.

Don Allah kada samfefa ta taɓa lambar shasi da ke jikin wuya. Liƙa mata tef ɗin takarda, bayan aiki ka shafa mata ɗan giris. Ranar da 'yan sanda ko jami'an hanya na KASTLEA suka tsayar da kai, ko ka zo sayarwa, lambar da aka kankare zargin sata take jawowa, ko da takardunka sun cika.

Tsatsa ka fara da buroshin waya da samfefa lamba 80 har ƙarfe ya yi fari, sannan 180, ka ƙarasa da 400. Tsohon fentin da bai ɓare ba ba sai ka cire shi ba, sai dai ka kashe masa ƙyalli. Goge da tina, ruwan tsinka fenti, a tsumma mai tsabta, daga nan kada hannunka ya sake taɓa ƙarfen, zufa ma tana hana fenti kamawa. Rataye shi da waya a reshe ko katakon rumfa. Tsofaffin kusoshi ka murɗa a ramukan zare, ka rufe mazaunin boris na wuya da wajen da wayar batir ke ɗaurewa a jikin ƙarfe, domin fenti a nan yana hana wuta wucewa.

Firaima, wato shafin farko da fenti ke hawa a kai, ba a tsallake ta, ko kuɗin ya yi kaɗan. Jar nan ta maganin tsatsa da masu ƙofofin ƙarfe ke amfani da ita ta isa. Sai dai wasu fentin gwangwani ba sa jituwa da ita, suna hawa ka ga ta tattare ta yamutse. Ka gwada su biyun a kan wani guntun ƙarfe tukuna, ko ka saye su 'yan kamfani ɗaya.

Girgiza gwangwani kamar minti 2, ka riƙe shi nisan taƙi guda, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafi siriri sau 3, da tazarar minti 10 zuwa 15. Na farko zai yi kamar bai rufe ba, kada ka ƙara, nan ne yake zuba ya yi hawaye. Fara da lunguna da ƙasa. Ni baƙi marar sheƙi nake so, ya fi ɓoye tabon tsatsa.

Lokaci ma abin dubawa ne a Kaduna. Laimar Agusta tana sa fenti ya yi hazo, ƙurar hunturu a Disamba da Janairu kuma manne masa take yi. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Yayyafa ruwa a ƙasa, ka roƙi mutanen gida su dakata da shara, yara su matsa, murhu da tukunyar gas su yi nisa, ka sa takunkumi.

Babban raunin fentin gwangwani shi ne fetur na cinsa, musamman ƙarƙashin tanki da kusa da kafireta. In ka samu ɗan canji, kai wa mai feshin mota ya bi maka da kiliya mai hadina, wato shafin ƙarshe marar launi da ake haɗa wa sinadarin taurarawa, ranar da yake fesa wata motar, ya fi sauƙin kuɗi. Wannan kada ka yi ta a gida, tururinta na illa ga huhu.

Ka ba shi mako guda kafin ɗauri. Danna farce a ɓoyayyen wuri, in ya bar shaida bai yi ba. Ranar mayar da inji ku zama ku biyu, ku naɗe bututun firam da tsumma.