Tambayi Likita: Me ya haɗa gwajin jini da aikin ƙashin baya?

TAMBAYA: Salam likita, ya aiki. Babanmu ya daɗe yana fama da ciwon baya, yanzu har ƙafa ta fara mutuwa, an yi hoton MRI an ce jijiya ce ta danne sai an yi aiki. To sun rubuto muna takardar gwajin jini doguwa, ga kuɗin aikin ma da ƙyar muka haɗa. Don Allah mi ya haɗa jini da ƙashi, ko akwai wanda za mu iya bari?
Daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maku da alheri bisa ɗawainiya.

Gaskiya akwai waɗanda ba a wasa da su. Aikin ƙashin baya yana cin jini, musamman in za a sa ƙarfe, mutum yana kife awa da awanni ana aiki, don haka dole a san PCV ɗinsa (wato yawan jinin da ke jikinsa) da rukunin jininsa a tanadi leda tun kafin a shiga tiyata, ba sai ana tsakiyar aiki a fito ana neman 'yan'uwa su zo su bada jini ba. Namiji in haemoglobin ɗinsa (sinadarin da ke sa jini ja) bai kai 13 ba yana da ƙarancin jini, kuma gara a gyara tun yanzu.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙoda. Sau da yawa dattijon da ya shekara yana ciwon baya ya sha diclofenac da ibuprofen na kyamis ba adadi, wasu ma har da jiƙe-jiƙe, kuma magungunan nan suna cin ƙoda a ɓoye mutum yana yawonsa lafiya lau. Wannan kam kar ku bari. Haka suga, in ta yi sama ciwo ba ya warkewa da wuri, wurin ɗinki sai ya yi ruwa.

Amma ba kowane gwaji ne dole ga kowa ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, tun 2016 ta ce kar a riƙa yi wa kowa gwajin daskarewar jini haka kawai, sai mai ciwon hanta ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. A nan tambaya ta fi allura amfani: in Baba ya yanke jini na saurin tsayawa? Yana yawan haɓo? Da aka cire masa haƙori an sha wahala? Ku faɗa wa likita gaskiya, don jini in ya taru kusa da laka bayan aiki yana iya kashe ƙafafu.

Ku koma da takardar wajen likitan, ku ce masa hali ya yi wuya, ya nuna maku na dole, in akwai sakamakon da aka yi kwanan nan ku kai masa. Ku ɗauki ledar magungunan Baba gaba ɗaya har na gargajiya ku zube masa a tebur, kuma in yana shan aspirin kar ku tsayar da kanku sai likita ya ce.