Game da Tsiron da Ya Fito Maka a Lambu Ba Ka Shuka Ba

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga saƙonka tare da hoton tsiron da ya fito a gefen tumatirinka, da kuma tambayarka ko gaskiya ne masu lambu na dā ba sa cire gyauro sai ya yi fure, ko kuwa camfi ne kawai. Ba camfi ba ne, dabara ce mai dalili, amma tana da iyaka, kuma iyakar ce mutane suka fi mantawa da ita.

Dalilin jiran shi ne ganye yana yaudara. Ganyen farko da ke fitowa daga cikin ƙwayar iri bai cika kama da ganyen da tsiron zai yi daga baya ba, shi ya sa hoton da ka aiko bai isa a yanke hukunci da shi ba. Abin da kawai ya nuna shi ne tsiron ya fito da ganye biyu, jijiyoyin ganyen kuma sun yi rassa, don haka ba dangin ciyawa ko masara ba ne, waɗanda ke fitowa da ganye ɗaya mai jijiyoyi a jere. Fure kuwa ba ya sauyawa saboda inuwa ko ƙarancin ruwa yadda ganye ke yi, kuma tun a ƙarni na 18 a kan sassan fure ne masanin tsirrai Carl Linnaeus ya gina tsarinsa na rarraba tsirrai.

Kafin furen ya zo, ka riƙa duba wasu abubuwa da idonka da hannunka. Ka lura ko ganyayen suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, ko ɗaya bayan ɗaya. Ka murza karan tsakanin yatsu biyu, idan ka ji yana da kusurwa huɗu, sannan ganyen ya yi ƙamshi da ka murtsuke shi, to da alama dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya. Ka tsinke ganye ɗaya ka ga abin da zai fito, domin farin ruwa mai kauri irin na tumfafiya gargaɗi ne, kada ya taɓa ido, kuma ka wanke hannu nan take. Sannan ka tuna abin da ka zuba a wurin, domin mafi yawan gyauro daga taki yake zuwa, ko daga kashin tsuntsaye a ƙarƙashin katanga da bishiya, ko daga abin da ya zube bara.

Kada kuma ka yi mamaki idan abin da ya fito bai yi kama da komai da ka taɓa shukawa ba, domin iri yana iya kwanciya a ƙasa shekaru da yawa har sai an juya ƙasar ya samu haske da danshi. Wani masanin tsirrai a Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 na yashi gauraye da iri a 1879, kuma da aka tono ɗaya a 2021, bayan shekara 142, wasu daga cikin irin sun tsiro.

Iyakar da na ambata ita ce jira ba ya nufin ɗanɗanawa, kuma ba ya nufin barin tsiro ya zubar da 'ya'ya. Zaƙami yakan fito da kansa a wurin da taki ya taru, da dogon farin furensa mai kama da kakaki da ɗansa mai ƙaya, kuma kowane sashe nasa guba ne. Zurma ma haka take, ƙwayoyinta masu zane suna jan hankalin yara, alhali kaɗan daga cikinsu idan an tauna suna iya kashewa. Tunda akwai ƙanana a gidanka, da zarar ka gane ɗayan waɗannan ka tumɓuke shi da saiwarsa ba tare da jiran komai ba. Ko gyauron kabewa da ka tabbatar da shi, idan ɗansa ya yi ɗaci ƙwarai a zubar da shi, domin ɗacin nan guba ne da dafuwa ba ta kawar da shi.

Manhajar waya ta gane tsirrai da ka ce ta ba ka sunaye uku daban-daban, ban raina ta ba, amma ka ɗauke ta a matsayin mai hasashe, kuma ita ma ta fi dacewa idan an nuna mata fure. Shawarata ka kafa tsinke kusa da tsiron don kada a share shi, ka cire duk wasu irinsa ka bar ɗaya, tunda suna rabon ruwa da tumatirinka. Idan ya yi fure, ka ɗauko mini hoton furen daga gaba da gefe, da bayan ganye, da tsiron gaba ɗaya tare da hannunka a kusa don a gane girmansa, sannan ka yanke furen kafin ya ƙulla iri idan har lokacin ba mu gano shi ba.

Ka gaida iyali.

Kawunka