Sayen makami daban, riƙe shi daban

Malam, ka tambaya me ya sa kowace shekara ake ware wa tsaro maƙudan kuɗi, amma sojojin da ke sintiri tsakanin Gusau da Ɗansadau galibi a buɗaɗɗiyar Hilux ake ganinsu. Ni gyaran motocin soja na yi har na yi ritaya, don haka ta gareji zan amsa maka.

Kaso mai tsoka na kasafin tsaro, albashi da alawus ke cinye shi. Abin da ya rage da naira ake rubuta shi, makami kuwa da dala ake saye. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Kuɗin mota uku ya koma na ɗaya.

Ko kuɗin na hannu, ba kasuwar Talata Mafara ba ce da za ka biya ka ɗauka. Jiragen Super Tucano 12 an biya Amurka kuɗinsu a 2018, sai 2021 suka iso. A 2014 ma Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra.

Shi ya sa muke saye duk inda aka yarda a sayar mana: tankokin VT-4 daga China, jiragen yaƙi JF-17 daga Pakistan, masu saukar ungulu T-129 daga Turkiyya da Mi-35 daga Rasha. Kowanne da kayan gyaransa, da makanikensa, da littafinsa. Nan ne ciwon yake. Na ga mota mai sulke, lafiyayya, an jingine ta saboda famfon mai kawai. Muna jiran famfon, wata motar ta buƙaci batir, aka cire na wadda aka jingine. Sai tayoyi, sai lagireto. Kafin famfon ya zo ta zama ƙwarangwal a kan bulo, amma a takarda tana nan cikin lissafi. Ga ƙurar hunturu mai toshe matatar iska, ga lakar damina.

Ban wanke manya ba, kowa ya ji zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai a zamanin Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, tana Kaduna tun 1964, kuma a 2019 an nuna motar sulke Ezugwu da aka haɗa a gida. Da ni za a tambaya, irinta zan ce a yawaita wa Zamfara, don in ta lalace a Tsafe da safe, kayan gyaranta na iya isowa daga Kaduna kafin magariba.