Amsa: me ya sa FreeBSD ta sauya grep ɗinta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa FreeBSD, tsarin sarrafa kwamfuta, ta ajiye grep (manhajar neman kalma a cikin fayiloli) na GNU, shirin manhajoji masu 'yanci, ta ɗauki na BSD, wato na danginta, alhali ana cewa na BSD ya fi nauyin jiki. Dalilin farko lasisi ne. Masu haɓaka FreeBSD sun daɗe suna son fitar da manhajojin da ke ƙarƙashin GPL, lasisin GNU, daga tushen tsarinsu.

Amma maganar sauri gaskiya ce, kuma kada kowa ya raina ta. A 2010 an sanya na BSD a reshen gwaji, masu amfani suka yi ta ƙorafi, har aka koma na GNU. A lokacin ne Mike Haertel, wanda ya fara rubuta grep na GNU, ya bayyana sirrin: manhajarsa ba ta duba kowane harafi. Tana amfani da dabarar Boyer-Moore, wato ta fara kwatantawa daga ƙarshen kalmar da ake nema, in bai dace ba ta tsallake haruffa da yawa lokaci guda. Ba ta kuma yanka fayil layi-layi sai ta samu abin da take nema. Sai a FreeBSD 13.0, a 2021, na BSD ya zama wanda tsarin ke amfani da shi kai tsaye.

Ni a ganina, a ƙananan fayiloli ba za ka ji bambanci ba. In kuwa manyan fayilolin log (bayanan ayyukan kwamfuta) kake tacewa kullum, girka gnugrep (grep na GNU) daga ports, wato rumbun ƙarin manhajoji na FreeBSD, ka gwada duka biyun a kan fayilolinka da umarnin time mai auna lokaci, sau ɗaya da LC_ALL=C (saitin da ke sa grep ya daina amfani da UTF-8), sau ɗaya ba tare da shi ba, domin UTF-8, tsarin adana haruffan harsuna daban-daban, kan rage gudu.